Madubin tsohon babur: ka nemo na zamaninsa, amma ka riƙa ganin bayanka

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Jekadafari, sai ga ɗan marigayi maƙwabcina ya turo babur ɗin mahaifinsa. Honda CD175 ce, irin wadda muka tashi muna kira Benli. Ta shekara da shekaru a zaure ƙarƙashin buhuna da tsofaffin tabarmi, kaji suna ƙwai a gefenta. Yaron ya yi wata huɗu yana kashe mata kuɗi. An yi fenti, an ɗinke kujera, tanki yana ɗaukar ido, da ya taka ta kuwa sai ga amon nan na silinda biyu wanda na daɗe ban ji ba. Ya kashe ya ce, "Bappa, ya ka gani?"

Na ce, "Komai ya yi, ɗana, sai kunnuwan."

Madubai biyu na roba ya ɗaura mata, masu tsini kamar fiffiken jemage, irin waɗanda ake sa wa roba-robar yau. Kamar dai dattijo ya sha babbar riga da rawani, ya fito da silifas ɗin wanka. Ya yi dariya ya ce ai madubi madubi ne. A nan muka rabu a ra'ayi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin na lura matasa da yawa sun fara tono baburan iyayensu suna tayarwa, kuma kusan dukkansu a kan madubi suke tuntuɓe.

Ba laifinsu ba ne. A ƙasar nan madubi shi ne abu na farko da ke barin jikin babur. Wani tun a shagon dillali yake sa a kwance masa, wai yana hana shi kutsawa cikin cunkoso, wani kuma ya bar guda ɗaya ya juyo shi ciki don duba zaman hula. Wanda ya tsira daga wannan, faɗuwar farko ce ke cinye shi. Saboda haka za ka iya samun tsohon babur da fitilarsa ta asali, da agogon gudunsa, har da makullin tanki, amma madubin da ya fito da shi daga kamfani sai an tona. Yaron da aka haifa bayan zuwan Jincheng bai taɓa ganin yadda kan Benli yake ba a ranar da aka fito da ita daga kwali, to ina zai san abin da ya ɓata?

Kafin ka je kasuwa, fara sanin shekarun babur ɗinka. Sunan kawai ba ya isa. CD175 ɗin nan an yi ta ƙera ta daga 1967 har zuwa 1979, kuma ta farko da ta ƙarshe ba kamanninsu ɗaya ba. Suzuki A100 ma ta daɗe ana yin ta tun daga 1966. CG125 ta fito a 1975, Vespa PX a 1977. Duba lambar da aka buga a wuyan firam da wadda ke jikin inji, ka rubuta su a takarda. Sannan ka shiga adakar tsohonka. Idan ka ci sa'a ka samu rasit, kuɗin da ke kai ma shaida ne: in fam da sule aka rubuta, an sayi babur ɗin kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta fara aiki. Takardar rajista ma tana magana. Gombe tana cikin Jihar Arewa maso Gabas daga 1967 zuwa 1976, ta koma Jihar Bauchi daga nan har 1 ga Oktoban 1996. Hatimin da ke kan takardar zai rage maka nisan lalube. Baburan da suka fi yawa a zaurukanmu na tsakiyar shekarun 1970 ne, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata, malamin firamare da akawu da malamin asibiti kowa ya hau sabon ƙarfe.

Amma shaidar da ta fi duk waɗannan ita ce hoto. Mutanen wancan zamani ba sa sayen babur su ƙi ɗaukar hoto da shi. Nemi hoton a bangon ɗakin Hajiya ko cikin tsohon kundin hotunan gida, ka kai shi haske ka ƙura ido a kan hannun babur. Madubi nawa ne? Zagayayye ne ko mai kusurwa? Ƙafarsa doguwa ce ko gajera, miƙaƙƙiya ko mai gwiwa? A wane hannu yake?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce wadda masu gyaran tsofaffin babura ba su cika tunawa da ita ba. Har zuwa ranar 2 ga Afrilun 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, hannun hagu ake bi a titunan Najeriya, gadon Ingila. A ranar ce aka koma hannun dama don a daidaita da maƙwabtanmu irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Mai bin hannun hagu, ta damarsa ake wuce shi, don haka madubin dama ne idonsa. Japan, inda aka ƙera Honda da Yamaha da Suzuki, hannun hagu suke bi har gobe. Ingila ma haka. Baburan wancan zamani da yawa madubi ɗaya tal suke ɗauke da shi, kuma in ka ga hoton da aka ɗauka kafin canjin hannu, kada ka yi mamaki in ka gan shi a dama.

To yanzu ka ɗauki wannan babur, da madubinsa guda na dama kamar yadda yake a hoto, ka hau hanyar Bauchi ko hanyar Dukku da hantsi. Kana gefen dama, tifa da tirela da Keke Napep duk ta hagunka za su wuce, kai kuwa madubinka yana nuna maka kwata da masu sayar da rake. Ka cika sharaɗin tarihi, ka makantar da kanka. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: in babur ɗin na ajiya ne, wanda za a goge a jingine a ƙofar gida ranar Sallah, bar shi yadda hoto ya nuna. In hawa za ka yi, sa biyu, dukkansu masu siffar zamaninsa. In kuwa ɗaya kawai ka samu, hagu za shi. Na san akwai masu tsananin son asali da za su ce na ɓata tsari. Su yi haƙuri, titin 1970 ba shi muke hawa ba.

Game da siffa, abin da ido zai riƙe ba shi da yawa. Baburan Japan na shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 galibinsu zagayayyen madubi ne, ƙoƙon bayansa na ƙarfe mai sheƙi, ƙafarsa siririya. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980 sai mai kusurwa huɗu da baƙar roba ya fara mamaye wuri, kamar yadda fitilu da agogon gudu su ma suka fara komawa masu kusurwa. Kada dai ka mai da wannan doka, domin wasu ƙananan Honda na jinsin Cub, wanda aka fara yi a 1958, sun zo da ɗan madubi mai kusurwa tun da wuri. Shi ya sa hoto da littafin kayan gyara su ne alƙalai. Irin wannan littafi yanzu ana samun hotunansa a intanet, kuma lambobin suna da tsari mai sauƙi. A wajen Honda lambar madubin dama tana farawa da 88110, ta hagu da 88120, sai haruffa ko lambobi uku na tsakiya su faɗi samfurin babur. Yamaha tana amfani da 26290 a dama da 26280 a hagu. Suzuki kuma 56500 a dama, 56600 a hagu. Ka haɗa lambar da sunan babur ɗinka ka bincika a waya, ko ba ka saya daga waje ba, za ka ga ainihin kamannin abin da kake nema.

Masu baburan Ingila, irin su BSA Bantam da aka yi daga 1948 zuwa 1971, ko Triumph, nasu lissafin daban ne. Yawancin waɗannan ba su fito daga kamfani da madubi ba sam. Mai babur ne ke saya daga baya ya ɗaura da maɗaurin ƙarfe a jikin hannu ko a bakin ƙarshensa, kuma kamfanoni irin su Stadium da Halcyon da wannan sana'a aka san su. Saboda haka babu ramin madubi da za ka nema, maɗauri za ka nema, mai kama bututun da kaurinsa ya kai milimita 22. Kusoshinsu kuma awon inci ne, sifanar Japan ba ta zama musu daidai. Vespa ita ma sau da yawa a gefen garkuwar gaba ake maƙala mata madubi, ko a ɗaura shi da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kai. In ka ga hotunan samarin Ingila na shekarun 1960 da suka jera wa Vespa da Lambretta madubai fiye da goma, wannan yayinsu ne can. Alhazan Gombe da suka hau Vespa zuwa kasuwa da masallaci ba su yi haka ba, kai ma kada ka yi.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi, wato zaren da ke ƙasan ƙafar madubi, wanda kanikawa ke cewa tiredi. Baburan Japan kauri biyu suke amfani da shi, milimita 8 a yawancin ƙanana, milimita 10 a manya da na baya-bayan nan. Tazarar zaren a duka biyun milimita 1.25 ce. Ka kula, a bakin kanikawanmu in an ce "noti goma" ana nufin wanda sifana lamba goma ke kamawa, kuma kaurin ƙarfensa milimita 6 ne kawai. In ka aiki yaro ya sayo maka madubi "mai goma", kana iya ganin abin da ba ka aika ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwance mazaunin hannun birki ko na kuloci, inda ramin madubin yake, ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa. A gwada a gabanka.

Sai kuma tarkon Yamaha. Madubin dama na yawancin baburan Yamaha zarensa a juye yake. In ka murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya, kwancewa yake yi, in ka murɗa baya sai ya ɗaure. Ba kuskure ba ne, dabara ce. In madubin dama ya bugi wani abu kana tafiya, baya za a tura shi, kuma da zarensa irin na kowa ne, wannan turin ƙara ɗaure shi zai yi har ƙafar ta karye ko mazaunin ya tsage. Da yake a juye yake, sai ya saki ya juya kawai. Ni kaina na biya kuɗin makarantar wannan darasi. Ina saurayi na karɓi aron Yamaha YB100 ta wani yayana, na ga madubin ya karkace, na ɗauko sifana na yi ta dannawa ina cewa tsatsa ce ta riƙe shi. Da na ƙara ƙarfi sai na ji ƙas. Mazaunin birkin ne ya rabe biyu. Kwana uku ina zagaye gidan ta bayan layi.

Gane zaren ba wuya. Tsai da ƙafar madubin a gabanka ka dubi layukan. In suna hawa ta dama, irin na kowa ne, in suna hawa ta hagu, juyayye ne. Sau da yawa notin juyayyen zare yana da 'yan tsage a kusurwoyinsa don gargaɗi. Kuma kowane iri ne, da yatsu ake fara ɗaurawa. Ya kamata ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da gardama ba. In ya cije tun a zagayen farko, tsaya. Mazaunin alminiyom ne, ƙafar madubi ƙarfe ce, in suka yi faɗa alminiyom ne ke shan kashi. In ka samu madubin da ya dace da zamani amma kaurinsa ko juyin zarensa bai dace da raminka ba, akwai ɗan adafta da ake sayarwa, mai mai da 8 zuwa 10 ko juyayye zuwa miƙaƙƙe. Yana ƙara wa madubi ɗan tsawo, mai ido zai gane, amma ya fi a kai wa mai walda ya narka maka abin da ba za ka sake samu ba. In ramin ya riga ya cinye, masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya sa masa sabon zare a ciki. Kada ka yarda a cusa leda ko a buga ƙusa a gefe.

Ina za a samu? Shagon sabbin kaya shi ne wuri na ƙarshe. Fara da tsofaffin kanikawa, waɗanda suka koyi aiki a kan Benli da Rodmasta kafin Boxer ta zo. Kusan kowannensu yana da wani tsohon akwati ko rabin durom da ya tara tarkacen shekara talatin. Ka je da ladabi, ka gaisa, ka zauna, kada ka fara da tambayar kuɗi. In ka ce, "Baba, Benlin mahaifina nake tayarwa," za ka ga fuskarsa ta canza, wataƙila ma ya san babur ɗin. Bayan su sai 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kan kilo. Ka bar musu hoton abin da kake nema da ɗan na goro, domin su madubi ba ya musu nauyi a sikeli, jefarwa suke yi. In kana da dangi a Kumo ko Dukku ko Bajoga ko Kaltungo, ka sa su leƙa zauruka da rumbuna, baburan da suka mutu a ƙauye sun fi na birni cikar kaya. Wanda ya ƙure nan sai ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka a Kaduna. Nnewi a Jihar Anambra ita ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan, kuma ta hannun 'yan kasuwarta ana samun sabbin madubai zagayayyu da aka kwaikwayi na da. Babu aibu a kwaikwayo in siffar ta dace kuma ƙarfen na kirki ne. Aibun shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na asali.

Don haka ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Yawancin madubai masu sheƙi da ke kasuwa yau roba ce aka shafa wa ruwan azurfa. Roba ba ta da nauyi, ba ta da sanyi a tafin hannu da safe, in ka ƙwanƙwasa da farce amonta a mace yake. Mayen ƙarfe zai kama ƙafar madubi na gaske. In bai kama ƙoƙon ba kada ka yi saurin yanke hukunci, domin akwai farin ƙarfe marar tsatsa da tagulla, su ma ba ya kama su, sai ka koma ga nauyi da amo. Juya bayan ka karanta abin da aka buga. In ka ga harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, tambarin amincewar ƙasashen Turai ne, kuma ƙa'idarsu ta madubin babur a shekarun 1980 ta fito. Madubi mai wannan tambari yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma duk wanda ya ce maka daga jikin babur ɗin 1968 aka cire shi, labari yake ba ka. Tsohon gaske kuma tsufansa bai ɗaya yake: ɗigon tsatsa a ƙafa, ɗan dusashewa a ƙoƙo, baƙi-baƙi a gefen gilashi. In ƙoƙo yana walƙiya kamar jiya aka yi shi amma noti ya ci tsatsa, haɗe-haɗe ne.

Ka gwada wuyan, wato inda ƙoƙo ke juyawa a kan ƙafa. Wannan shi ne ran madubi. Gilashi ana canzawa, tsatsa ana gogewa, amma wuyan da ya saki har kai yana langaɓewa da kansa wahalarsa ta fi amfaninsa, sai in irin mai ɗan sukuru ne da ake ƙara ɗaurewa.

In ka samu na asali mai fasasshen gilashi ko wanda ya yi baƙi, saye shi. Baƙin nan damshi ne ya shiga ta gefe ya ci shafen da ke bayan gilashi, ba ya gyaruwa da wanki, sai canji. A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Mai yankan gilashi zai ɗauko ragowar madubin ɗaki ya yanka maka. Madubin ɗaki ya yi kauri, nauyinsa zai riƙa sunkuyar da kai a kowane rami, kuma shimfiɗaɗɗe ne, abin da yake nunawa kaɗan ne. Madubin hanya yana da ɗan tudu a tsakiya, shi ya sa yake kwaso faɗin titi, ko da yake yana nuna mota kamar tana nesa alhali ta kusa. Ɗora gefen rula a kan gilashin, in ta yi lilo, mai tudu ne. Abin yi shi ne ka sayi sabon madubi mai araha wanda gilashinsa ya fi naka faɗi, ko fasasshen madubin babbar mota, a yanko maka daga ciki. Wajen mannawa a guji silikon mai warin tsami, yana cin shafen baya, cikin 'yan watanni baƙin zai dawo. A nemi marar wari, a ɗiga kaɗan a wuri uku ko huɗu. In bakin ƙoƙon naɗe yake a kan gilashi, a buɗe shi a hankali da bakin ƙaramin sukundireba, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, kada a ɗaga wuri ɗaya gaba ɗaya.

Girma ma abin dubawa ne. Ƙa'idar Turai da na ambata ba ta yarda zagayayyen madubin babur ya gaza milimita 94 a faɗi ba. Wasu na da ba su kai haka ba. In kana da zaɓi tsakanin biyu masu siffa ɗaya, ɗauki babban.

Wajen goge ƙarfen, kada samfefa ta kusance shi. Sheƙin nan fata ce siririya, in ta tafi ta tafi. Wanke da ruwa da sabulu tukuna, musamman a lokacin hunturu, domin ƙurar da ke kwanciya a kai yashi ce, in ka goge ta a bushe kai da kanka kake karce shi. Sannan ka dunƙule takardar alminiyom irin ta naɗe abinci, ka tsoma a ruwa, ka riƙa shafawa a hankali, ɗigon tsatsa zai tashi. Ka busar, ka shafa ɗan mai. Notin da ya ƙi motsi a jiƙa shi da kananzir ya kwana, gobe a gwada, in ya ƙi a sake jiƙawa. Wuta ba ta da wuri kusa da gilashi.

Ɗaurawa kuma ga yadda take. Mai da notin sama can ƙarshen zare, ka murɗa ƙafar cikin rami da hannu har ta kusa ƙarewa, ka dawo da ita inda kake so ta tsaya, sannan ka riƙe ta ka sauko da notin ka ɗaure da sifana. Notin ne ke riƙewa. Masu kama ƙoƙon madubi su murɗa da ƙarfi su ne ke kashe wuya. Tsofaffin injuna suna da karkarwa, in hoton yana rawa har ba ka bambance mota da bishiya, yanko 'yar wosha daga robar tsohon tiyub ka sa a ƙarƙashin noti. In bai daina ba, ƙafar ce ta yi tsawo ko sirantaka, ko kuma robobin da ke riƙe hannun babur sun mutu.

Kada ka saita madubi babur yana kan jaki. Sauke shi, ka hau, ka zauna yadda kake zama in kana tafiya, da rigar da ka saba sawa. Wannan ba wasa ba ne, hannun babbar riga in iska ta cika shi yana iya rufe rabin madubi, kuma masu gajeriyar ƙafa sun fi fama da haka. Gefen kafaɗarka ya ɗan leƙo a kusurwar ciki, sauran duk titi ne. Ka sa wani ya tsaya a bayanka ta hagu, ya riƙa matsowa yana zagayowa, za ka ga inda yake ɓacewa daga madubi kafin ya bayyana a gefen idonka. Wannan gurbin babu madubin da ke rufe shi, na da ko na yau. Kafin ka karya kwana, waiga.

Yaron maƙwabcin nawa ya yi mako uku yana nema. A ƙarshe wajen wani tsohon bakanike ya samu guda ɗaya zagayayye, gilashin ya yi baƙi amma wuyan da ƙarfinsa, tsohon ma ya ƙi karɓar kuɗi da ya ji ko ɗan wane ne. Na biyun sabo ne na kwaikwayo, sai ka matso sosai za ka ga bambanci. Hoton mahaifinsa da muka samu ya nuna madubi ɗaya ne a dama. Ya tambaye ni ko ya cire na hagun ranar da za a ɗauki sabon hoto. Na ce ya cire, a ɗauka, ya mayar kafin ya tayar da inji.

In akwai tsohon madubi a akwatinku, ko da fasasshe ne, kada ku ba 'yan gwangwan. Ku tambaya a unguwa, akwai mai nemansa.